Ni da Inna Atine a Bayan Duwatsu

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar labarina. Na ga ƙorafinku, har da baiwar Allahn da ta rubuto cewa in ba zan ci gaba ba in faɗa mata ta daina ƙona datarta. Ki yi haƙuri 'yar uwa, abin da ya same ni ranar Asabar sai da na kwana biyu kafin hannuna ya iya rubuta shi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Umaima. Nas ce ni a wani asibiti a nan Virginia, ina zaune a Manassas gidan ƙanwar mahaifiyata, Anti Sailuba, wadda ta ɗauko ni daga Kaduna ina 'yar shekara goma. Wanda nake so sunansa Dabo, injiniya ne a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen nan marasa taga na garin Sterling da ake jibge kwamfutoci a ciki. Mun daɗe tare, amma har yau magabatansa ba su taka gidanmu ba, don Baffansa na Zariya ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai mahaifiyar Dabo ta gan ni da idonta ta ce ta yarda. Abba kuma ya kira ni daga Kaduna ya ce, "Umaima, ba zan yi miki dole ba. Amma in azumi ya kama ban ga kowa a ƙofar gidana ba, ki cire yaron nan daga ranki." Kun san Abba ba ya maimaita magana.

To mahaifiyar tasa, Inna Atine, ta zo aikin ido tun wata biyu da suka wuce, tana zaune wurinsa a Sterling. Idon ya warke, tikitin komawarta na ranar Talata, azumi ya ƙarato, kuma ko sau ɗaya ba ta ce a kawo ni ba. Na rame, ba wasa ba. Sai ranar Alhamis, ina neman motata a fakin ɗin asibiti, wayata ta yi ƙara.

Dabo: Inna ta ce a kai ta bakin ruwa ran Asabar. Ta ce ki zo, ke da Anti.

Ni: Bakin ruwa? Innar da ka ce ko rijiya ba ta bari ku leƙa?

Dabo: Ita fa. Tun ranar da muka bi ta kan gada ta hango ruwa ta daina cin abinci sosai. Ni ma abin ya ɗaure min kai.

Ni: Gabana yana faɗuwa.

Dabo: Ki kwantar da hankalinki. Abu ɗaya kawai, don Allah kar maganar ninƙayarki ta fito. Ta tsani ruwa. Ni da kike gani ko kwatami na tsallaka sai ta yi min faɗa.

Yanzu sai in gaya muku abin da ban taɓa faɗa muku ba. Na iya ruwa. Ba irin iyawar 'yan facal-facal ba, iyawa ta gaske. Lokacin da aka kawo ni ƙasar nan ba na jin Turanci, yaran ajinmu suna kwaikwayon maganata, sai wata malama ta saka ni cikin masu koyon ninƙaya. A cikin ruwa babu mai tambayarka daga ina kake. Kan in gama sakandare na yi wa makarantarmu gasa har na ciyo lambobi, kuma har yanzu duk Lahadi da safe ina koya wa matan masallacinmu a wani wurin da muke haya a ja labule. Anti Sailuba ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba, "wannan abin naki" take ce masa.

Daren Juma'a bayan isha ta zaunar da ni a kicin, tana yanka albasa tana ba ni karatu.

"Ba ki cin komai a gabanta. Ko ta matsa, ki ce kin ƙoshi."

"To, Anti."

"Ba ki kallon Dabo. Ba ki kiran sunansa. Ba 'yeah', ba 'okay'. Kuma in ta nuna miki ruwa, ki ja da baya ki ce kai, Inna, tsoro nake ji."

"Anti, ƙarya fa ke nan."

"Ƙaryar da za ta kai ki ɗakin miji? Wace uwa ce a Zariya za ta so surukar da maza suka taɓa tafa mata tana iyo kamar agwagwa? Ki rufa mana asiri, Umaima."

Da safe na saka atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da siket, ɗinkin Kaduna, siket ɗin ya matse ni har ina tafiya kamar mai auna ƙasa. Na saka dogon wando mai bin jiki a ciki saboda iska, na yafa farin mayafi, na shafa humrar da Anti take ɓoyewa sai ranar biki. Ita kuma ta cika kula da dambun shinkafa da soyayyun kaji, ga zoɓo mai sanyi a jarka, kamar za mu ciyar da unguwa.

Wurin da Dabo ya zaɓa yana can gefen Annapolis, wani ɗan filin shaƙatawa a tsakiyar gidajen mutane. In kana fakin ba za ka ce akwai ruwa kusa ba, ga motoci, ga lilon yara, ga masu tura keken jarirai. Sai ka bi wata 'yar hanyar katako ta cikin bishiyoyi, ka ji ƙarar gari tana raguwa a bayanka, kawai sai bishiyoyin su buɗe. Ɗan rairayi ne ƙarami da ya lanƙwashe kamar bakin ƙwarya, an jera manyan duwatsu hagu da dama suna tare igiyar ruwa, shi ya sa abin da ke isowa gaɓa ba ya wuce laushin numfashin jariri. Can nesa gada ta miƙe siririya cikin hazo, fararen jiragen ruwa suna tsaye kamar sun manta inda za su. Wani tsohon Bature yana jefa wa karensa sanda, wata mata tana karatu da hula a fuska. Ban san lokacin da na saki ajiyar zuciya ba, sai da Anti ta mintsine ni.

Sun riga mu zuwa. Dabo ya shimfiɗa babbar darduma nesa da ruwan sosai, kusan cikin ciyawa, yana sanye da farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ban kalle shi ba, na dai gan shi. Inna Atine tana zaune ta miƙe ƙafa, 'yar siririyar tsohuwa baƙa, da zane da riga na atamfa mai duhu, baƙin tabarau na bayan aiki a idonta, carbi a hannu. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Inna. Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Ke ce Umaima."

"Ni ce, Inna."

Shi ke nan. Ta mayar da fuskarta ga ruwan. Anti ta shiga zuba zance, daga tsadar tumatir a nan zuwa yadda na iya tuƙa tuwo tun ina ƙarama, wanda Allah ya sani ba haka ba ne. Inna tana cewa "Allah sarki", "to madalla", amma ko juyowa ba ta yi. Aka zuba abinci, na ce na ƙoshi alhali cikina yana kiran ciroma. Wayata ta yi motsi a ƙarƙashin mayafi.

Dabo: Kin yi kyau har na manta sunana.

Ni: Ba ta ko kallona.

Dabo: Ni ma ba ta kallona, ɗan fari ne ni. Ki yi haƙuri.

Na mayar da wayar ƙarƙashin mayafi. Zuciyata ta gama yanke cewa na faɗi wannan jarrabawar tun ban fara ba. Sai na bar su da zancensu na bi ruwan da ido, ina kallon yadda yake canja launi daga inda yake da zurfi zuwa inda ba shi da shi, da wani ɗan layi mai santsi da ya ratsa ta bakin duwatsun hagu.

Da la'asar ta yi Inna ta ce, ba tare da ta dubi ɗanta ba, "A raka Hajiya ta yi alwala, a ɗauko min sallayata a mota." Anti ta ce ai Umaima sai ta je. Inna ta ce, "A'a, ita ta zauna da ni." Anti ta tashi tana harara ta da idon nan mai cewa in kika kuskura. Ita da Dabo suka bi hanyar katako, bishiyoyi suka rufe su.

"Tashe ni," in ji Inna.

Na kama hannunta. Hannu ne busasshe mai ƙarfi, ban zaci haka ba. Ba ta nufi inda mutane suke ba, sai ta ja ni muka zaga bayan duwatsun hagu. Ashe akwai wani ɗan lungu a nan, rairayin bai fi tabarma uku ba, reshen bishiya ya sunkuyo a kansa, babu mai hango ka daga gaɓa. Ta cire takalmi ta taka ruwan har idon sawu. Na tuna karatun Anti, na ja baya.

"Kai, Inna, tso..."

Kalmar ta maƙale min. Ta juyo, ta zare tabarau, karon farko ta dube ni sosai.

"Ƙarasa mana."

Na kawar da kai gefe.

"Kifi na ganinka mai jar koma," ta ce. "Tun ɗazu nake lura da ke. Mai tsoron ruwa bakinsa yake kallo, kar ya taɓa shi. Ke tsakiyarsa kike kallo. Kin ga inda yake ja ta gefen dutsen can, ko ba ki gani ba?"

"Na gani, Inna."

"Kin iya ruwa?"

'Yan uwa, a wannan daƙiƙar na ga komai a gabana: fuskar Abba, akwatunan da Anti ta fara tarawa a ɓoye, farar shaddar Dabo. Kalma ɗaya ce tsakanina da su. Amma matar nan ta tsare ni da idon da aka gama wanke mata, ni kuma na gaji, wallahi na gaji da zama wata.

"Na iya, Inna. Tun ina ƙarama. Har gasa na yi, har yanzu ina koya wa mata. An ce kar in faɗa miki."

Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Da na ɗago, sai na ga ta ajiye mayafinta da carbi a kan dutse, ta kwance zaninta ta sake ɗaure shi tamau, ta cusa bakinsa ta tsakanin ƙafafu ta soke a baya. Ban taɓa ganin irin wannan ɗaurin ba. Ta shiga har gwiwa, har ƙugu, na buɗe baki zan yi ihu, sai kawai ta kwanta a kan ruwan ta sulale, babu fantsama, babu ƙara, kamar an zare zare daga cikin tsumma.

Na tsaya baki buɗe. Ta ɓace, ta ɓullo can gaba, ta furzar da ruwa tana yamutsa fuska.

"Wai! Ruwan ga da gishiri! Mi kike jira, ɗiyata? Taho!"

Har harshenta ya canja, ba Hausar Zariya ba ce wannan. Na jefar da mayafi, na tattare siket ɗin nan mai tsada har ƙugu, na bi ta.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwan da sanyi a farko, daga baya ya zama kamar jikina. Muka fita kaɗan inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, muka juya muka kwanta rigingine kusa da juna. Sama ta cika min ido, wani shaho yana shawagi bai ko kaɗa fiffike. Kunnuwana suna cikin ruwa, duniya ta yi nisa, ba na jin komai sai bugun zuciyata da muryar Inna tana zuwa tana komawa. Ɗankwalinta ya zame, furfurarta ta bazu a kan ruwa, fuskarta ta saki har na hango yarinyar da ta taɓa zama.

"A Yawuri aka haife ni," ta ce, tana kallon sama. "Babana masunci ne. Kan in iya tafiya na iya ruwa. Da asuba mukan fita cikin jirgi ni da shi, hazo ya rufe kogi, ba ka jin komai sai filafili. In koma ta maƙale ni yake turawa in nutse in kwance ta."

Na ci gaba da motsa hannu a hankali.

"Da aka kai ni Zariya, gidan malamai, ran da na kwana bakwai uwar mijina ta shigo ɗakina ta shinshina ta ce a ƙara turare, ƙarnin kifi bai fita ba. Matan gida suka yi dariya. A ranar na yi rantsuwa 'ya'yana ba za su ji wannan kalma ba. Na ce musu babana fatauci yake yi. Na hana su ko bakin rafi. Shekara arba'in, ɗiyata, ruwan da ya wuce bokiti bai taɓa jikina ba." Ta yi 'yar dariya. "Sai yaron nan ya bi da ni ta kan gada, ido sabo, na leƙa. Daren nan ban yi barci ba."

Hawaye suka zubo min, suka gangara ta gefen ido suka shiga ruwan. Tausayinta ya kama ni, da wani irin son ta da ban shirya masa ba. Na miƙa hannu, ta riƙe, muka ci gaba da shawagi a haka kamar ganye biyu. Da za a tambaye ni, da na ce a bar mu a nan har magariba.

Muryar Dabo ce ta dawo da mu. "Inna! Umaima!" Yana kira yana sake kira.

Inna ta ɗago kai daga ruwan, nan take fuskar Zariya ta dawo. Muka fito da sauri, ta warware ɗaurin zanin ta mayar da shi yadda yake, ta ɗora tabarau. Sai ta damƙi hannuna da ƙarfi har na ji zafi.

"Abin da kika ji, ki bar shi a nan. Ko shi. Musamman shi. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

Ta rataya hannunta a wuyana, ta saki jiki kamar marar lafiya, muka zagayo duwatsun muna ɗigar ruwa. Anti ta saki sallayar da ke hannunta ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Umaima, me kika yi?" Dabo ya rugo a guje, hularsa ta faɗi, ya tsaya cak inda rairayi ya fara jiƙa.

"Santsi ya kwashe ni," in ji Inna, da wata 'yar murya. "Na je taɓa ruwan, ƙafa ta tafi. Ba don yarinyar nan ba, da sai dai ku kai gawata gida."

Na buɗe baki, ta matse min kafaɗa. Na rufe.

Dabo ya durƙusa a gabanta yana taɓa ƙafafunta, yana cewa a kira motar asibiti, ta ce babu inda za ta, ga nas a gefenta. Sai ya ɗago ya dube ni a gaban kowa, idonsa jajir, ban taɓa ganin namiji ya kalli mace haka ba. Anti kuwa nan da nan ta juya sheƙa. "Ai dama na sha faɗa, iya ruwa baiwa ce! Ni na saka ta tun tana ƙarama!" Ko a cikin wannan hali sai da dariya ta kusa kuɓuce min.

Kafin mu rabu a fakin, Inna tana naɗe cikin bargon mota, ta ce a ba ta waya a kira mata Baffa. A gabanmu ta yi maganar, a taƙaice. "Malam, na ga yarinyar. Ku sa rana ku je Kaduna kafin azumi." Anti ta rangaɗa guɗa har masu keken jarirai suka juyo.

Abin da na yi shekara biyu ina roƙo ke nan a kowace sujada, ga shi an ba ni. Ya kamata in yi ta tsalle. Amma tun a mota wani abu ya tsaya min a ƙirji, don labarin ya riga mu isa gida. Matan masallaci suna ta kira, ƙannen Dabo daga Zariya suna turo saƙon murya suna kuka suna sa min albarka, har Abba ya kira ya ce, "Kin fitar da ni kunya." Kowa yana gode min a kan ran da ban ceta ba.

Bayan magariba ina zaune a bakin gado, atamfar tana rataye a ƙofar banɗaki tana ɗiga, gashina har yanzu da gishiri, saƙonsa ya shigo.

Dabo: Na kasa cin abinci. Duk na rufe ido sai in gan ta tana nutsewa ni kuma ina tsaye ban iya komai ba.

Ni: Ta tsira ai. Ka gode wa Allah.

Dabo: Ni na kai ta wurin. Da ta mutu, ni na kashe ta. Ba zan yafe wa kaina ba.

Na rubuta "ba laifinka ba ne", na goge. Na rubuta "Inna ba ta", na goge da sauri, har yanzu ina jin zafin yatsunta a hannuna. Kalma kaɗan za su sauke masa wannan dutsen daga ƙirji, kuma su ne kalmomin da matar da ta ba ni shi ta ce in bar su a bayan duwatsu.

Dabo: Ina ganin kina rubutu kina gogewa.

Dabo: Umaima, ke kaɗai ce ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Ki gaya min yadda aka yi, tun daga farko.

Kafin in motsa yatsa, wayar ta fara ruri a hannuna, sunansa yana haske.